AMSOSHIN WASIƘUNKU: Zama kusa da tashar nukiliya, ina haɗarin yake?

 A wannan fili muke kawo muku amsoshin da kuka saurara a rediyo a rubuce, domin wanda shirin ya wuce shi ya samu, wanda ya ji kuma ya yanke shafin ya ajiye. Wasiƙu sun taru a kan tebur, saboda haka wanda bai ga tasa ba ya ƙara haƙuri, layi muke bi. A wannan makon wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, don kuwa tambayar tana buƙatar a zauna mata.

TAMBAYA: Wani dattijo, Alhaji daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya rubuto cewa ɗansa yana aiki a ƙasar Faransa, yana zaune da matarsa da 'ya'yansu biyu ƙanana a wani gari da ke gefen kogin Ron, kamar kilomita 12 daga wata tashar samar da wutar lantarki ta nukiliya. Ya ce hukuma ta aika wa ɗan nasa takarda cewa ya je kantin magani ya karɓi wasu ƙwayoyi kyauta ya ajiye a gida. Alhaji ya ce tun da ya ji haka barci ya ƙaurace masa. Yana tambaya: in babu cuta, me ya kawo magani? Kuma shin ya umarci yaron ya kwashe jikokinsa su bar garin?

AMSA: To Alhaji, mun gode da wasiƙarka, Allah ya raya jikoki. Tambayarka biyu ce a dunƙule, kuma sai mun raba su kafin amsa ta fito. Akwai haɗarin zaman yau da kullum, lokacin da tashar take aiki lafiya lau. Akwai kuma haɗarin ranar tsautsayi. Na farkon ƙarami ne ƙwarai. Na biyun ba kasafai yake aukuwa ba, amma in ya zo babba ne, kuma yawan ɓarnarsa ya danganta ne da ko an gaya wa mutane gaskiya da wuri, ko an yi musu rufa-rufa. Ƙwayoyin da aka ba ɗanka na wannan rana ta biyu ne.

Bari mu fara da yadda tashar take aiki. Lokacin da nake koyarwa a firamare, nakan ce wa yara kusan kowace babbar tashar lantarki butar shayi ce. Ana tafasa ruwa, tururi ya fito da ƙarfi, ya juya farfelar inji, injin ya ba da wuta. Wata tashar da gawayin kwal take tafasa ruwan, wata da gas. Ita ta nukiliya da ma'adinin yuraniyom take yi, irin wanda aka fara haƙa a Arlit tun 1971, wanda a baya Faransa ta daɗe tana saye daga ƙasarku. A cikin wata ƙatuwar tukunya ta ƙarfe ake farfasa ƙwayoyin zarra na yuraniyom, fashewar kuma ita ke ba da zafi. Farin gajimaren da ake gani yana fita daga dogayen hasumiyoyin tashar tururin ruwa ne kawai. Haka kuma tashar ba za ta fashe irin ta bam ɗin nukiliya ba, domin yuraniyom ɗin da ake sa mata bai wuce kashi 5 cikin 100 na tacewa ba, shi kuwa na bam sai an kai shi wajen kashi 90.

To ina matsalar? Farfasa ƙwayoyin nan yana barin wani irin burbushi a cikin tukunyar, burbushin kuma yana fitar da tiriri wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, jiki ba ya ji. Dangin hasken nan ne da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Kaɗan daga cikinsa jiki yana iya jurewa. Mai yawa a lokaci guda yana kashe mutum cikin makonni. Matsakaici kuma yana ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon daji bayan shekaru. Duk aikin masu tashar shi ne su tsare wannan burbushi kada ya fito waje.

Yanzu sai zaman yau da kullum. Masana suna auna abin da jiki ya ɗauka na wannan tiriri da wani ma'auni da ake kira milisibat. Kai da kake Maraɗi, da ni da nake nan, kowannenmu yana ɗaukarsa daga ƙasa, da duwatsu, da sararin sama, har da abincin da muke ci. A lissafin duniya baki ɗaya, mutum yakan ɗauki kimanin milisibat 2.4 a shekara ta wannan hanya, haka Allah ya yi duniyar. Doka a ƙasashen Turai ta ce kada irin waɗannan masana'antu su ƙara wa jama'ar gari fiye da milisibat 1 a shekara. Abin da ake samu a zahiri ga maƙwabtan tasha mai aiki lafiya bai cika kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan iyaka ba. Ka ga ke nan, Alhaji, idan ɗanka ya hau jirgin sama ya zo gaishe ka ya koma, abin da zai ɗauka a sararin sama ya fi abin da tashar za ta ba shi a shekara guda.

Amma akwai wata magana da bai kamata in ɓoye maka ba, tun da jikokinka ƙanana ne. A 2007 an fitar da sakamakon wani bincike a ƙasar Jamus, wanda ya duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke zaune kewaye da tashoshi 16, daga 1980 zuwa 2003. An tarar cewa a cikin da'irar kilomita 5 daga tashoshin, yara 37 sun kamu da sankarar jini, alhali bisa lissafin sauran ƙasar yara 17 ake tsammani. Wato ƙarin yara 20 cikin shekara 24. Abin ya tayar da hankali sosai. Sai dai su kansu masu binciken sun ce tiririn da tashoshin suke fitarwa ya yi ƙanƙanta ƙwarai a ce shi ne sanadi. Da aka yi irin wannan bincike a Birtaniya da Suwizalan, aka fitar da sakamako a 2011, ba a ga irin wannan ƙari ba. Wasu masana suna ganin cuɗanyar baƙin ma'aikata da ke kwarara cikin ƙananan garuruwa ce take kawo wata ƙwayar cuta da ke taɓa jinin yara. Abin lura a gare ka shi ne, ƙarin da aka gani a Jamus a cikin kilomita 5 ya fi fitowa, su kuwa naka suna kilomita 12.

To mu zo ga ranar tsautsayi. Babu misalin da ya fi na Carnobil, a ƙasar Yukren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Ranar Asabar 26 ga Afrilu 1986, da ƙarfe 1:23 na dare, ma'aikata suna cikin wani gwaji a tukunya ta 4, sai abu ya kwance musu. Ƙirar tukunyar da ma tana da aibi, su kuma suka tafiyar da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Zafi ya hauhawa cikin daƙiƙoƙi, tururi ya yi bindiga ya ɗage murfin tukunyar, wuta ta kama. Irin waɗannan tukwane na Sobiyet ba a kife su da ƙaƙƙarfan ginin kankare ba, saboda haka burbushin ya yi ta tashi sama har kwana 10, iska tana kai shi inda ta ga dama.

Kilomita 3 kacal daga tashar akwai garin Pripyat, mai mutum kimanin 49,000, yawancinsu ma'aikatan tashar da iyalansu. Gari ya waye ranar Asabar, ba a gaya musu komai ba. Yara suka tafi makaranta, aka ci kasuwa, har bukukuwan aure aka yi. Sai ranar Lahadi da ƙarfe 2 na rana, bayan kimanin awa 36, aka jero motocin safa sama da dubu aka kwashe su, aka ce kowa ya ɗauki kayan kwana uku. Har yau garin kango ne. Sauran duniya kuwa ba ta ji labari daga bakin Mosko ba sai da na'urorin wata tashar nukiliya a ƙasar Suwidin, mai nisan fiye da kilomita 1,000, suka nuna alamar burbushi ranar 28 ga wata. A daren ranar ne hukumomin Sobiyet suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwa. Ranar 1 ga Mayu aka yi faretin ranar ma'aikata a birnin Kiyef, yara suna cikin sahu. Shugaba Gorbachev bai yi wa jama'a jawabi a talabijin ba sai 14 ga Mayu.

Su wa abin ya ci? Ma'aikata biyu sun mutu sanadin fashewar kanta. Mutum 134 daga cikin ma'aikata da 'yan kwana-kwana sun kamu da matsanancin ciwon tiriri, 28 daga cikinsu suka rasu a cikin watannin farko. A wannan shekara an kwashe mutum kimanin 116,000 daga yankin da ke kewaye da tashar, inda aka shata da'irar kilomita 30, daga baya kuma aka sake tayar da wasu fiye da 200,000. A 2005 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a ƙarshe mace-macen da za a danganta da haɗarin za su iya kai 4,000 a cikin mutum 600,000 da suka fi ɗaukar tiririn. Wasu ƙungiyoyi suna ganin adadin ya fi haka nesa, ana kuma ci gaba da wannan muhawara.

Amma Alhaji, ga inda nake so ka kasa kunne, domin a nan ne amsar ƙwayoyin ɗanka take. Cutar da ta fi fitowa fili a tsakanin jama'ar gari ita ce ciwon dajin maƙogwaro a yara, kuma ta hanyar madara ta shiga jikinsu. Ga yadda abin yake. A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar halitta, wadda in ta kumbura muke ce mata maƙoƙo. Abincinta shi ne sinadarin aidin, wanda saboda shi ne ake sa aidin a gishiri. A cikin burbushin da ya tashi daga Carnobil akwai wani nau'in aidin mai tiriri. Ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, ya shiga nononsu, iyaye suka ba yara suka sha. Ita kuwa halittar nan ba ta bambanta aidin mai kyau da mai guba, duk wanda ya zo zuƙewa take yi. Ga shi kuma mutanen yankin da ma suna da ƙarancin aidin a abincinsu, sai ta zuƙa da yawa kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwan farko.

Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce zuwa 2005 an samu sama da mutum 6,000 da wannan ciwo a Belarus, da Yukren, da wasu yankunan Rasha, cikin waɗanda suke yara ko matasa a lokacin haɗarin, kuma kaso mai yawa daga ciki haɗarin ne sanadi. Alhamdu lillahi ciwo ne da yake jin aikin tiyata, waɗanda suka rasu zuwa wannan shekara 15 ne. Amma wanda aka cire wa wannan halitta zai yi ta shan magani ke nan har ƙarshen rayuwarsa.

Abin takaici, yawancin wannan ana iya kauce masa. Shi aidin mai tiriri ba ya daɗewa. Kowane kwana 8 ƙarfinsa yana raguwa da rabi: bayan kwana 16 saura rubu'i, bayan wata uku kusan babu. Da an ce wa mutanen ƙauyuka su daina ba yara madarar shanunsu na 'yan makonni, da dubban yara sun tsira. Ƙasar Polan ta yi haka. Cikin 'yan kwanaki ta hana ba yara madarar shanun kiwo, ta kuma raba wa yara sama da miliyan 10 ruwan aidin mai kyau suka sha. Hikimar ita ce, in halittar ta ƙoshi da aidin mai kyau, ba ta da wurin sa mai guba. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙari. To ƙwayoyin da aka ba ɗanka ke nan. Faransa ta faɗaɗa da'irar shirin ko-ta-kwana daga kilomita 10 zuwa 20 kewaye da tashoshinta, a 2019 kuma ta shiga rabon ƙwayoyin ga mazauna sabuwar da'irar. Ba alamar cewa wani abu ya lalace ba ne. Darasin Carnobil ne aka ɗauka, gemun maƙwabci ya kama wuta aka shafa wa nasu ruwa.

Akwai wani burbushin kuma mai suna siziyom, wanda shi sai shekara 30 ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Shi ne yake hana a koma gona da gida. Ka duba nisan Birtaniya daga Yukren, amma ruwan sama ya sauke shi a kan tsaunukan Wales da arewacin Ingila, aka sa wa masu kiwon tumaki takunkumin sayarwa, ba a ɗage na ƙarshe ba sai 2012. Don haka babban abin da maƙwabcin tasha yake iya rasawa a ranar tsautsayi, ko da ya tsira da lafiyarsa, shi ne gidansa da garinsa.

Wani zai ce ai wannan sakacin Sobiyet ne. To bari mu leƙa Japan, ƙasar da ta shahara da tsari. Ranar 11 ga Maris 2011 aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9, teku ta yi toroƙo, igiyar ruwa mai tsayin kimanin mita 14 ta haura katangar tashar Fukushima. Tukwanen sun kashe kansu yadda aka tsara. Sai dai tukunyar nukiliya kamar garwashi ce a ƙarƙashin toka, ko an kashe ta tana ci gaba da fitar da zafi, dole a yi ta zagaya mata ruwa. Ambaliyar ta cinye janaretocin da ke tuƙa famfunan ruwa, tukwane uku suka narke. Aka kwashe mutanen da ke cikin kilomita 20, jimillar waɗanda suka bar gidajensu ta haura 150,000. An kuma hana sayar da madara da ganyayen yankin da wuri. A rahotonsa na 2021, kwamitin masanan nan ya ce ba a tabbatar da wata cuta a jikin mazauna yankin da za a danganta kai tsaye da tiririn ba.

Amma fa an yi asarar rayuka ta wata hanya. Hukumomin Japan sun lissafa sama da mutum 2,000 a lardin Fukushima da suka rasu sanadin wahalar ƙaura, yawancinsu tsofaffi. An ɗauko marasa lafiya daga gadajen asibiti da gidajen kula da tsofaffi, aka sa su a mota awa da awanni cikin sanyi, ba magani ba abinci. Wasu kuma baƙin cikin rabuwa da gida da zaman sansani ne ya ƙarasa su. Ka ga ke nan, gudu ba tsari shi ma yana kisa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai misali na uku, gajere. Ranar 28 ga Maris 1979 wani ɓangare na tukunya ya narke a tashar Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Mutum kimanin 140,000 suka tsere don tsoro. Amma tukunyar tana cikin ƙaƙƙarfan ginin kankare, ginin ya riƙe kusan duk burbushin, abin da ya kai ga jama'a ɗan kaɗan ne. Tukwanen da ke aiki a Faransa dangin wannan ƙira ce, kowace tana cikin irin wannan gini. Wannan bai sa a ce tsautsayi ba zai yiwu ba, amma ya bambanta su da ta Carnobil nesa ba kusa ba.

To Alhaji, me za ka gaya wa ɗanka? Ga shawarata. Ya je ya karɓi ƙwayoyin, ya ajiye inda yara ba za su kai hannu ba, shi da matarsa kuma kowa ya san wurin. Kada kowa ya sha sai hukuma ta ba da umarni, domin amfaninsu yana ga shan su gab da isowar burbushin ko 'yan awanni bayansa. Maƙogwaro kaɗai suke karewa, ba su kare sauran jiki. Yara, da mata masu juna biyu, da masu shayarwa su ne kan gaba. Gishiri mai aidin ba ya maye gurbinsu, kada wani ya ce zai ɗura wa yaro gishiri.

Idan jiniya ta yi kuka ko saƙon gaggawa ya shigo waya, abin farko shi ne a shiga cikin gini, a rufe ƙofofi da tagogi, a kashe duk abin da ke jawo iska daga waje, a kunna rediyo. Wanda abin ya same shi a waje ya tuɓe tufafin sama ya ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu, wannan kaɗai yana kawar da mafi yawan burbushin da ya sauka a jiki. Kada a ruga makaranta ɗauko yara, makarantun yankin suna da nasu tsarin tsare su, cunkoson motoci kuma tare hanyar masu agaji yake yi. Kada a ci kayan lambun bayan gida ko a sha madarar yankin sai an ce babu komai. In an ce a tashi, a tashi ta hanyar da aka nuna, da takardu da magunguna a jaka guda. Ya kuma je ofishin magajin garinsu ya nemi takardar shirin gaggawa ya karanta tun yanzu. Af, kada in manta: a Faransa ana gwada jiniyoyin gargaɗi ranar Larabar farko ta wata, saboda haka in surukarka ta ji kuka a irin wannan rana kada hankalinta ya tashi.

Game da ko su bar garin, ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya bar aikinsa da makarantar 'ya'yansa ba saboda tashar da take aiki lafiya kilomita 12 daga gidansa, a ƙasar da take sanar da mutane, take kuma raba musu rigakafi tun kafin buƙata. Haɗarin hanyar da yake bi da mota kullum zuwa wurin aiki ya fi wannan kusa da shi. Wurin da ya kamata a ji tsoro shi ne inda ake da tasha amma ba a gaya wa maƙwabta komai, kamar yadda aka yi wa mutanen Pripyat.

Ga sauran masu karatu da za su ce mu ina ruwanmu, ku sani tashar Koeberg da ke kusa da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu tana ba da wuta tun 1984, Masar kuma ta fara gina tata a El Dabaa a 2022. A Zariya akwai 'yar ƙaramar tukunya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, wadda ba a haɗa ta da manyan tashoshin da muka yi magana a kansu. Duk ranar da aka zo da maganar gina babba a kusa da ku, tambayoyin da za ku yi ke nan: wa zai sa ido a kan masu tashar, yaya za a sanar da mu cikin dare, ina hanyar fita, kuma ina ƙwayoyin yaranmu?

Da fatan Alhaji ya gamsu, a kuma gaishe mana da mutanen Maraɗi. Mai tambaya ya ci gaba da aiko da wasiƙarsa, a rubuta da kyau yadda za ta karantu, tambaya ɗaya a takarda ɗaya.